Ranar da Mai Ƙofa Ya Mutu

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da waɗanda ya kamata in riƙe, amma ranar da Mai Ƙofa ya mutu ko na so in manta ba za ta ƙyale ni ba. Kada mai karatu ya yi saurin yi mini ta'aziyya. Mai Ƙofa ba ɗan'uwana ba ne, ba ma mutumin garinmu ba ne. Wani Bature ne mai sanƙo da ke fitowa a wani shirin talabijin na masu yawo a sararin samaniya, kuma duk tsawon shirin ba a ganinsa fiye da minti ɗaya. Abin da ya sa mutuwarsa ta tsaya mini a rai shi ne, a ranar aurena yana rataye ne a wuyansa.

Lokacin ba mu daɗe da samun jiharmu ba. Duk mai 'yar takarda a Ƙaura Namoda ya ɗauka an ajiye masa kujera da fanka a Gusau, ni ma ina cikinsu. Na gama kwalejin horon malamai, ina da ɗan Turancin da ya fi na maƙwabta, kaina kuwa ya fi Turancin girma. Aka ba ni aikin koyarwa a firamaren Dauran, can ƙasar Zurmi, na ninke takardar na tura ƙarƙashin akwati. Ni da za a kira Gusau, me zan je yi ƙauye? Na je Gusau ɗin, na cike fom, na shiga intabiyu, sunaye suka fito babu nawa. A mota ina dawowa na yi niyyar gaya wa matata. Da na shiga gida na ga yadda ta taso da murna tana tambaya, sai na ji bakina yana cewa takardata tana kan teburin babban sakatare, sa hannu kawai ya rage.

Takardar nan ta shekara uku a kan teburin. Wata rana babban sakataren ya tafi Umara, wata rana an canza shi, wata rana sabon ya tambayi sunana da kansa. Ban taɓa maimaita labari ɗaya sau biyu ba, kuma a wancan lokacin har alfahari nake da wannan a zuciyata. Kullum sai in sa kaftani gogagge, in ɗauki fayil, in fita kamar mai zuwa ofis, in ƙare a gidan kallon da ke bayan tashar mota.

Asirina ya tonu ta hanyar daddawa. Matata na neman takardar da za ta ƙunsa wa wata maƙwabciya daddawa, ta ɗaga akwati, ta ci karo da takardar Dauran da kuma jerin sunayen da babu nawa. Maƙwabciyar ma'aikaciyar jinya ce, ita ta karanta mata. Da na dawo na tarar ta goya 'yarmu, kayanta a ɗaure. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da na san abin da zan ce.

Ta ce, "Ba don talauci nika tahiya ba. Gajiya niy yi da jiran abin da babu shi."

Ta koma gidan mahaifinta a unguwar tsofaffin ma'aikatan jirgin ƙasa. Na tura kawuna biko har sau biyu. A na biyun ya dawo yana girgiza kai, ya ce tsohon ya ce a gaya mini shi ba ya yanke hukunci a kan ji, sai ya ga aikin da nake yi da idonsa. Na ɗauka magana ce irin ta manya, ta sallamar baƙo. Wane dattijo ne zai shiga gidan kallo?

Gidan kallon rumfar kwano ce, an toshe tagogi da buhuna, da benci takwas, da talabijin guda a kan ganga, da janareto mai tari a waje. Mai wurin tsohon direban babbar mota ne da ciwon baya ya sauke daga hanya. Ƙanensa a Kaduna yana da tauraron ɗan'adam, shi ke ɗauko shirye-shirye a kaset ya aiko ta hannun direbobi. Ana kallo bayan La'asar, a tashi kafin Magariba. Fim ɗin faɗa ba ya bukatar kowa, naushi ko'ina naushi ne. Amma wannan shirin na masu yawo a sama surutu ya yi masa yawa, shi ya sa aka ɗauke ni in tsaya gefen talabijin ina fassarawa. Gaskiyar da ban gaya wa kowa ba ita ce, Turawan nan ta hanci suke magana, cikin kalma uku guda nake kamawa. Sauran biyun daga aljihuna suke fitowa. 'Yan dako da masu faci da 'yan kamasho ba su taɓa ƙorafi ba, cewa ma suke na fi Turawan iya labari.

Labarin wani ƙaton jirgi ne mai jigilar ruwa daga wata duniya zuwa wata, da shugabansa mai faɗin ƙirji wanda kullum shi ke da gaskiya. A can ƙasan jirgin akwai wata ƙofar ƙarfe da ƙananan jirage ke shigowa ta ciki, a gefenta kuma wani mutum mai sanƙo cikin tufafi masu ruwan toka. Aikinsa ya kama wani zagayayyen ƙarfe ya juya, ƙofa ta buɗe, ya faɗi cewa ta buɗe, shi ke nan an gama da shi sai wani makon. Ko suna ba a ba shi ba, mu muka raɗa masa Mai Ƙofa. Da zarar ya bayyana sai 'yan kallo su haɗa baki, "Ƙohwa ta buɗe!" a yi dariya, masu son sayen rake su fita, don an san ba abin da zai faru a wurin.

Wata Talata ina tsaye ina zuba, sai labulen buhu ya ɗaga, surukina ya shigo da buzunsa a hammata.

Wanda bai san al'adarmu ba ba zai gane girman abin ba. Shekara biyar ina auren 'yarsa, ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba. Na fi sanin takalmansa da tsagar diddigensa fiye da fuskarsa. In na hango shi a hanya sai in canza lungu, in kuwa ba makawa sai in cire takalmi in durƙusa, ya ce yaya iyali, in ce lafiya, a rabu. Duk abin da ya taɓa shiga tsakaninmu bai wuce wannan ba. Sai ga shi a gidan kallo da rawaninsa. Masu taba suka murƙushe ta a ƙasa, wani ya zame ta ƙarƙashin kwano ya gudu. Mai wurin ya taso da sauri har ya manta da bayansa.

"Baba, lahiya dai?"

"Lahiya lau. Kallo nit taho. Ku ci gaba."

Ya ƙi benci, ya shimfiɗa buzunsa a bakin ƙofa. Ran nan ban san abin da na fassara ba. Shugaban jirgi ya yi jawabin minti biyu, na ce ya ce a yi haƙuri. Sai da Mai Ƙofa ya fito aka yi ihun da aka saba, na saci kallon tsohon, na ga ya miƙa wuya gaba ya ƙura wa hannuwan mutumin ido. Da aka tashi, maimakon ni sai ya tambayi mai wurin.

"Wancan mai juya ƙarhe, mi a aikinai?"

"Ƙohwa kawai shika buɗewa, Baba."

Tsohon ya ce, "Kawai?" Ya naɗe buzunsa ya fita.

Da mai wurin ya kawo mini wannan maganar sai na tuna aikin da surukina ya yi har ya tsufa. Ƙaura ita ce ƙarshen layin dogo, daga nan jirgi ba ya gaba. Shi ne ke tsayawa nesa da tasha, cikin ciyawa, ya ja ƙarfen da ke karkatar da layi don jirgi ya shiga inda ya kamata. Shekara talatin da ɗoriya yana wannan. Nan take na ga hanya. Ba zan iya yi masa magana ba, amma Mai Ƙofa zai iya.

Daga makon da ya biyo baya Mai Ƙofa ya samu baki. Shi ya faɗi kalma biyu, ni in yi minti guda. Na yi masa ƙauye, na yi masa gonar gero da yake kewa, na yi masa ciwon gwiwa saboda tsayuwa. Na yi masa 'ya guda, na aurar da ita ga wani yaro marar galihu mai kyakkyawar zuciya wanda duniya ba ta fahimta ba. Ko kunya ban ji ba. Mai Ƙofa ya juya ƙarfensa, ni kuma in ce, "Ya ce haƙuri da yaro shi a girma, wanda bai samu yau ba shina samu gobe." Da farko 'yan kallo dariya suka yi, daga baya suka daina fita sayen rake, har wani mai faci ya fara tambayata ko 'yar ta haihu. Tsohon kuwa bai fasa zuwa ba, Talata da Asabar, buzunsa a wuri ɗaya.

Wata Asabar shugaban jirgi ya wuce ta gefen ƙofar yana magana da wani daban, ko juyowa bai yi ba. Na gyara murya na ce shugaba ya ce da Mai Ƙofa, "Dattijo, kada ka zaci ba mu ganinka. Ba don hannunka ba da jirgin ga ya daɗe da halaka, mu da muke sama bisa wuyanka muke tsaye." Na dubi wajen buzu ta wutsiyar ido, na ga surukina yana goge ido da bakin rawani. Daɗi ya kama ni irin na mai tarko da ya ji motsi. Yau in na tuna wannan daɗin sai in ji kunya ta rufe ni, ta fi ta ranar daddawa.

Amma matata ba ta dawo ba. Mako bakwai ana haka. Ɗakina ya yi ƙura, tukunya ta yi tsatsa, abincina ya koma rogo da ƙuli a tasha. Wani lokaci in bi ta bayan unguwarsu in hango 'yata tana wasa da gwangwani a ƙofar gida, in wuce kamar ban gan ta ba. Na rame, kaftanin ya yi mini yawa. Kuma ƙarya ma aiki ce, wanda bai yi ba ba zai sani ba. Sai ka tuna wace gwiwa ka ce tana ciwo, shekarar 'yar nawa, gero aka shuka ko dawa. Ga ta Gusau da nake ci gaba da yi wa 'yan unguwa, ga ta Mai Ƙofa. Na gaji har cikin ƙashi, ban kuma ga ranar da zan huta ba.

Ana cikin haka maganar Shari'a ta cika gari. Ko'ina kabbara, masu wa'azi a tasha da lasifika, mutane na cika motoci zuwa Gusau. Ni ma na yi murna, na yi kabbarar da kowa, duk da na san inda abin zai taɓa ni. Ba a daɗe ba aka aiko da sanarwa cewa gidajen kallo su rufe. Mai wurinmu bai ja ba. Ya ce da ma mahaifiyarsa ta daɗe tana masa faɗa, zai mayar da rumfar ma'ajiyar hatsi, ya riƙa saro gero daga kasuwar Shinkafi. Asabar mai zuwa ce ta ƙarshe, kuma akwai kaset guda da ba a kalla ba.

Al'adarmu ce mu duba kaset da hantsi ni da shi kafin jama'a su zo, don in san inda zan sa ƙafa. Muka kunna. Wajen tsakiya wuta ta tashi a ƙasan jirgin, iska na ficewa, kowa na gudu. Ƙofar ta ƙi rufuwa daga ciki. Mai Ƙofa ya dubi masu gudu, ya koma ta wancan gefen, ya kama ƙarfensa ya juya, ƙofar ta sauko ta rufe da shi a waje. Ba kiɗa, ba kuka, ko fuskarsa ba a nuna ba. Sai aka koma sama, wani ya zo ya yi wa shugaba magana, shugaba ya amsa a gajarce, labari ya ci gaba. Na sa aka mayar da wurin baya sau uku. Wannan karon na ji kowace kalma. Cewa shugaban ya yi an rufe ƙofa ta uku, a wuce.

Mai wurin ya daki kafaɗata. "Kai, Allah ya kashe ya ba ka! Yau kam shirya mishi bankwana mai tsawo. Tsoho ya yi kuka, gobe uwargida ta dawo."

Na kuwa shirya. Na bi layin dogo da ƙafa ina bita, har na kai wajen gonaki na dawo. Shugaba zai cire hula, zai tara duk ma'aikatan jirgi, zai ce yau an rasa ginshiƙi, zai ce wasiyyar Mai Ƙofa ta ƙarshe ita ce a bar 'yarsa a ɗakin mijinta. Jawabi ne mai kyau. Ni kaina sai da idona ya kawo ruwa a wajen wasiyyar.

Da La'asar rumfa ta cika har waje, kowa ya zo bankwana da gidan kallo. Zafi kamar a tukunya. Tsohon ya zo a kan lokacinsa, aka matsa masa. Na fara aiki, muryata na fita amma ni kamar ba na wurin. Aka zo wajen wuta. Mai Ƙofa ya koma, ƙofa ta sauko. Ba wanda ya yi ihun da aka saba. Wani a baya ya ce, "Innalillahi." Shugaba ya yi 'yar maganarsa, duk idanu suka dawo kaina.

Zan so in ce tsoron Allah ne ya kama ni, ko wa'azin da nake ji a tasha ne ya ratsa ni. Da na faɗi haka da na ƙara wata a kan waɗanda na riga na yi. Gajiya ce kawai. Jawabin na kan harshena, na buɗe baki, na ji ba zan iya ɗaga shi ba, kamar jakin da ya durƙusa da kaya ko an doke shi ba ya tashi. Janareto na tari a waje. Sai na ji murya daga bakin ƙofa, kuma wannan ne karon farko da surukina ya taɓa yi mini tambayar da ba gaisuwa ba.

"Malam, mi shugaban yac ce bisa kainai?"

Na dubi takalmansa da ke ajiye gefen buzu. Na ce, "Bai ce komi ba, Baba. Cewa yay yi an ruhe ƙohwa ta ukku, a wuce."

Rumfa ta kaure. "Ƙarya ta! A maida baya!" Mai wurin na zare mini ido yana nuna kansa, wai ko na taɓu. Ni kuwa da bakin ya buɗe sai ya ƙi rufuwa. Na ce dama can shugaban bai taɓa yi masa magana ba ko sau ɗaya. Na ce Mai Ƙofa ba shi da 'ya, ba shi da gona, ba shi da ciwon gwiwa, ni na sa masa su duka. Mai facin nan da ke tambayar haihuwa ya jefe ni da ɓawon rake, ya same ni a kunne. Wasu suka fice suna zagi. Surukina ya sa takalmansa a hankali, ya naɗe buzu, ya fita bai waiwayo ba. Haka aka rufe gidan kallon, ba a ma ƙarasa kaset ɗin ba, har yau ban san ko jirgin ya kai ruwan ba.

Na koma ɗaki na kwanta da kaftanina. Na san na kashe aurena da bakina, amma abin mamaki barci ya ɗauke ni irin wanda na daɗe ban yi ba. Washegari da safe kawuna ya buga ƙofa ya ce tsohon na kirana, ba a gida ba, a bayan tashar jirgi.

Na same shi tsaye cikin ciyawa kusa da wani dogon ƙarfe mai tsatsa da ke tsaye gefen layi. Na cire takalmi na durƙusa. Bai amsa gaisuwata ba. Sai kawai na ji ya maimaita maganar shugaban jirgin da Turanci, kalma bayan kalma, tsaf, irin Turancin mutanen da, wanda ya fi nawa nesa ba kusa ba. Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Ya ce, "Shekara talatin da Turanci aka ba ni umurni wurin ga. Kai ba ka taɓa tambaya ba, ni ban taɓa hwaɗi ba. Tun ranar hwarko nis san abin da kaka yi."

Na sunkuyar da kai.

"Ranar da kas sa shugaba yag gode mishi, da kunnena nij ji ba a hwaɗi ba. Amma niy yi kuka. Nik koma gida nic ce, ni da hurhurata, na san ƙarya ta, kuma ta shige ni. To ina ga yarinya? Ran nan niy yanke ba ta komawa ɗakinka." Ya tsinki ciyawa ya yar. "Jiya na san ka shirya wani abu. Na gane ka bisa layi kana magana kai ɗai. Da ka hwaɗe shi, da yau takardar sakin ɗiyata nika nema hannunka."

Ya ce in tashi in kama ƙarfen in ja. Na ja da duk ƙarfina, ko motsi bai yi ba. Ya matsar da ni, ya taka wani abu da ƙafa, ya jingina jikinsa, na ji layi ya yi ƙara ya gusa. Ya mayar da shi yadda yake, yana haki.

"Aikin ga, in kay yi shi daidai ba mai sanin kana nan. Jirgi ya shigo lahiya, direba aka ɗaga ma hannu. Ban ce ban taɓa jin zahi ba, na ji, shi yas sa kak kama ni. Amma wancan Bature bai buƙatar ka yi mishi ɗiya da gona. Ya tsaya inda anka aje shi, ya isa. Kai ina anka aje ka?"

Na ce, "Dauran, Baba."

"To tahi ka gani ko ƙohwar na buɗe. Amma ka biya gida tukuna. Abin da kah hwaɗa ma 'yan kallo, ita ta hi su haƙƙi."

Wannan ya fi jiya wuya. Na zauna a zaure, ta fito ta tsaya bayan ƙyaure, 'yarmu na leƙe ta gefen zaninta. Na gaya mata babu takarda a Gusau, ba a taɓa yi ba, babu babban sakataren da ya san da ni a duniya. Na ce abin da nake da shi, in ma yana nan, aji ne a ƙauye da albashin da ba zai burge kowa ba. Na gama, ban ƙara ko kalma ɗaya ta ado ba, duk da sun yi ta zuwa mini. Har na fara neman takalmina.

Sai ta ce, "Dauran ɗin, akwai rijiya kusa?"

Na ce ban sani ba. Na ji ta ɗan yi dariya a bayan ƙyaure, ta ce wannan ne karo na farko da ta ji na ce ban sani ba.

Gurbina a Dauran an daɗe da cike shi, amma hedimasta na fama da ƙarancin malamai, ya ce in fara kafin a daidaita. Rijiyar da nisa, matata da ta biyo ni kuwa ta sha faɗa mini haka. A can na yi aikina har na ajiye, ni ke buɗe aji da safe, ni ke buga ƙarfen tayar motar da muka mayar ƙararrawa. Ban taɓa zama hedimasta ba. Ɗalibaina wasu sun samu kujerar Gusau ɗin da fankarta, in mun haɗu wasu su gane ni, wasu su wuce. Surukina ya rasu bayan 'yan shekaru. A zaman makoki wani ya ce ni da na iya magana in faɗi wani abu a kansa. Jawabin nan na layin dogo ya taso mini gaba ɗaya, ban manta ko kalma ba. Na haɗiye shi, na ce Allah ya jiƙansa, ya tsaya inda aka ajiye shi.

Yanzu na tsufa, hanyar Zurmi ta zama abin da ta zama saboda 'yan bindiga, mun dawo Ƙaura, gwiwar da na ƙaga wa Mai Ƙofa ita ke damuna. Abin da ranar nan ta koya mini bai da yawa. Mun saba cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, amma ba a gaya mana cewa mai ita kullum yana ban-ruwa ba, har ya gaji ya faɗi. Na kuma gane cewa wanda ka fi yi wa daɗin baki shi ka fi rainawa, don ka yanke masa cewa ba zai iya ɗaukar gaskiya ba. Ba zan ce na warke ba, mai hali ba ya fasa halinsa. Har yau in jikoki sun nemi abin da babu, ko an tambaye ni abin da aka ce a asibiti, sai in ji labari mai daɗi ya fara haɗuwa a bakina. Matata ta san alamar. Ba ta ko ɗago kai daga tsintar shinkafa, sai ta ce, "Malam, mi shugaban yac ce?"

Ni kuma in sauke numfashi in ce, "Bai ce komi ba."